Tulun Mama Uloma

Sharaɗa, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata maganin shafawa na hannun Inuwa direba tare da wannan wasiƙar. Ki shafa mini kan Sadiyata. Ya aikin tukwane, ana samun kasuwa kuwa?

Ni lafiyata lau, amma hankalina ba a kwance yake ba. Mama Uloma ce ba lafiya. Kin tuna ta, dattijuwar nan Ibo da muke katanga ɗaya, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ita ce ta kama hannuna ta kai ni kamfanin buhu bayan rasuwar Baban Sadiya, ta tsaya a kaina har na iya keken ɗinki. Da azumi ita da ba ta yi, ita ke dama mini kunu kafin in taso daga aiki. To, ana tsakiyar aiki ta yanke jiki ta faɗi. Ƙafafunta sun kumbura suntum, likitoci sun ce ƙoda ce, an ba ta gado. 'Yarta ɗaya ce tak, Ebere, tana aure can Aba, an dai aika mata.

Ta ba ni makullin ɗakinta in riƙa sharewa. Garin kakkaɓe saman sif na ci karo da wani baƙin tulu naɗe a tsohon zane. Yaya, gini ne sumul, wanda ko ke da ba kya yabon hannun kowa sai kin jinjina wa mai shi. Sai dai ya huje a gefe, rami kamar bakin kofin shayi. Na ce lallai tana ƙaunarsa ne shi ya sa ta kasa jefarwa. Ni kuwa me nake da shi da zan saka wa matar nan? Sai na samo tsingaro na goge shi daidai ramin, na roƙi masu buga bulo na bayan layinmu ɗan siminti, na liƙe shi tsaf, na shafe wurin da garin gawayi. Da ya bushe na cika shi da ruwa, ko ɗigo bai zubar ba. Ki gaya wa Inna 'yarta da take cewa ba ta gaji komai ba, yau ta yi gyaran tulu.

Ban gaya wa Mama ba, so nake in an sallamo ta kawai ta tarar da ruwa mai sanyi a ciki. Ku sa ta a addu'a.

Ni ce ƙanwarki,
Atika

Sharaɗa, Kano
Ranar Alhamis

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan, a gurguje na yi shi. Ba maganar da zan yi a wayar maigidanki ba ce, don haka ki karanta ke kaɗai.

Yaya, na shiga uku. Jiya na je asibiti bayan tashi daga aiki. Na tarar da Mama ta rame, sai ido. Ta ce likita bai ɓoye mata ba, kuma ita ba ta tsoro, abu ɗaya ne ya rage mata ta yi a duniya. Sai ta ce in ɗauko mata abin da ke saman sif naɗe a zane. Har na buɗe baki zan yi mata albishir, sai ta ci gaba da magana, Allah ya sa na yi shiru. Ko kuwa in ce Allah ya jarrabe ni na yi shiru, ban sani ba.

Ashe ba tulun ruwa ba ne. Abin kiɗa ne, sunansa udu, na mata ne a wurinsu kamar yadda shantu yake a wurinmu. Ramin nan da gangan aka yi shi tun yumɓu na ɗanye. A cinya ake ɗora shi, a riƙa dukan ramin da tafin hannu, iska ta fito ta baki, shi ne yake ba da wata murya mai zurfi. Kin tuna na taɓa ba ki labarin wani sauti da nake ji ta katanga ranar Asabar da yamma, wanda nake ji har cikin ƙirjina? Ni duk zatona ganga ce ta fata. Ranar Lahadi kuma in ga ta rungumi wata jaka ta hau adaidaita zuwa taron matan garinsu a Sabon Gari. Shekara da shekaru, ban taɓa cewa Mama me ke cikin jakar nan ba.

Ta ce kakarta ce ta gina shi da hannunta a ƙauyensu can wajen Umuahiya. Lokacin yaƙin basasa mahaifiyarta ta bar komai na gidan, shi kaɗai ta goya tare da jariri. Kuma a gidansu ba a gadonsa kamar yadda ake gadon kwano ko zane. Uwa ce da ranta za ta tara mata, ta buga, sannan ta ɗauka da hannunta ta ɗora a cinyar 'yarta, 'yar ta amsa. Haka aka ba mahaifiyarta, haka aka ba ta. Ebere na hanya, shi ya sa take so in kawo shi. Tana faɗa tana murmushi, tana buga tafin hannunta a kan bargo.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata to, zan kawo. Da na dawo gida na juye ruwan, na ɗora shi a cinya na daki wurin. Ƙwas kawai ya yi, kamar an daki bango. Na zauna na yi kuka har maƙwabta suka leƙo, na ce musu ciwon kai ne.

Don Allah, don darajar iyayenmu, ki taimake ni. Ke kika san yumɓu. Yaya ake raba siminti da gasasshen tulu ba tare da ya fashe ba? In kuma ba hali, ga zare nan na sa a cikin takardar, ƙullin farko faɗin cikinsa ne, na biyu tsayinsa, na uku ramin. Ki gina mini irinsa, ki yi masa baƙin hayaƙi, ki ba Inuwa. Idonta ya yi rauni, wataƙila ba za ta gane ba. Na san abin da nake roƙo ba kyau, amma na rasa inda zan sa kaina.

Ƙanwarki,
Atika

Sharaɗa, Kano
Ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Inna? Saƙonki ya iso, na karanta, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci.

Na roƙe ki tulu, kin aiko mini da wa'azi. Kin ce 'yar maginiya ba za ta kasa bambanta ramin da aka yanka da ramin da ya fashe ba. Gaskiya ne, bakinsa sumul yake, na gani da idona ban yi tunani ba. To yanzu zagin zai cire simintin? Kin ce ba za ki sa hannunki a yaudarar mara lafiya ba, kuma matar da ta shekara hamsin tana rungumar abu, ko makancewa ta yi hannunta zai gane. Wannan ma na yarda. Amma da kika ce in ɗauke shi yadda yake in kai mata in faɗi gaskiya, ke daga nesa kike magana. Ba ke za ki tsaya a gabanta ba. Matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, in je in ce mata abin da ya tsira daga yaƙi, ni na kashe shi da simintin bulo? Wallahi ba zan iya haɗa ido da ita ba. Sai na gyara tukuna, in ya so daga baya in ba ta labari mu yi dariya.

Na kai shi kamfani a ɓoye cikin buhu, na nuna wa Sagir makaniken sashenmu. Ya jujjuya shi ya ce minti biyu ne da injin yankan ƙarfe. Da ya kunna injin na ji ƙararsa, sai na fizge abina na rungume. Ya yi ta dariya wai a kan tulu nake neman kuka, alhali ga su nan jibge a kasuwa. Na je wurin wani mai sayar da tukwane a hanyar Calawa, shi kuma ya ce siminti ya fi tulun ƙarfi, duk inda aka matsa tulun ne zai ba da kai. Na shiga Sabon Gari ina tambayar masu sayar da kayan kiɗan Ibo. Na ga nasu, sababbi jajaye. Mai shagon ya buga mini ɗaya, muryarsa siririya, ba ta kama ƙafar ta Mama ba.

Don haka na koma ga ɗan abin da kika rubuta a ƙarshen takardarki, wanda da shi ya kamata ki fara. Ba duka, ba ƙwanƙwasa, a jiƙa wurin a riƙa kankarewa daga tsakiya zuwa gefe. Na samu ƙusa na dandaƙe bakinta. Na fara, amma Yaya abin ba ya tafiya. In yi ta fama har yatsuna su sage, ɗan garin da zai zubo bai cika cokali ba.

Ebere ta iso. Doguwa ce kamar uwarta, ba ta jin Hausa sosai don a can ta girma, da guntun Turancina muke fahimtar juna. Ta tambaye ni udu. Na ce mata makullin ya shige mini cikin kaya, ina nema. Ƙaryar farko ke nan da na taɓa yi a kan Mama, kuma ta fito daga bakina da sauƙin da ya ba ni tsoro.

Ki yafe mini zafin maganata. Ba ni da wanda zan yi wa sai ke.

Taki,
Atika

Sharaɗa, Kano
Ranar Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ji Sadiya ta yi zazzaɓi, da fatan ta warware. Ki ce mata ina nan tafe in abubuwa sun lafa.

Asibiti sun sallami Mama, ba don ta warke ba. Shugabar matan garinsu ta ɗauke ta zuwa gidanta a wajen Bompai. Na je ranar Juma'a. Ba ta iya zama sai an tokare ta da matashi. Da ta gan ni, hannuna ta fara kallo kafin fuskata. Ba ta yi faɗa ba, Yaya, da ma ta yi. Cewa ta yi ta san aiki ya yi mini yawa, in kula da kaina, na rame. Ta ga yatsuna duk a ɗaɗɗaure da tsumma, ta ce keken nan ne ko, ta sha gaya mini in daina sauri. Na ce eh, keke ne.

Suka sa jiya Lahadi za a yi miƙawar. Ebere ta ce in makulli ya ɓata a fasa ƙofar. Ta zo da kafinta ranar Asabar suka ɓalle kwaɗon, suka birkice ɗakin ba su ga komai ba, don yana ƙarƙashin gadona. Ni kuwa na roƙi a ba ni aikin wata da ba ta zo ba, na haɗa da nawa, don kada a same ni a gida. Ta yi ta kira, na kashe wayar. Yanzu ban san me take zato ba. Wataƙila tana ganin sayarwa na yi. Ni Atika, yau ni ake yi wa kallon ɓarauniya, kuma ba ni da bakin kare kaina.

Jiya da la'asar na kasa zama, na hau mota na je har ƙofar gidan ba tare da shi ba. Ban shiga ba, na laɓe a jikin katanga. Sun taru, suna waƙa a hankali saboda mara lafiya. Ina jin ƙarfen nan nasu mai kama da kuge, ogene suke ce masa, da cakin ƙwarya, da wani ɗan icce mai rami da ake bugawa da sanda. Ni da ban san waƙarsu ba sai da na gane akwai abin da babu. Duk sautin a sama yake yawo, ba abin da ya riƙe shi daga ƙasa. Can suka tsaya. Na ji shugabar na cewa a dakata, wataƙila mai kawowa tana hanya. Ina tsaye ina jin su suna jirana, na juya na tafi.

Kada ki sake cewa in kai shi haka. Na kusa. Tsingaron ya fita, na huda tsakiya, saura zoben simintin da ya kama bakin ramin, kuma nan ne wurin haɗari. Ɗazu ƙusar ta zame ta ja layi a jikinsa, amma bai tsage ba. In na daka yanzu yana ɗan amsawa, kamar mai mura. Kwana kaɗan nake nema. Na ce wa Allah ya ara mata kwanakin nan ko daga cikin nawa ne. Ki taya ni roƙo, ki sa Inna ma ta roƙa, ba sai kin gaya mata dalili ba.

Ƙanwarki,
Atika

Sharaɗa, Kano
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara duka. Na gode da ƙuli-ƙulin da kika aiko, ban iya ci ba tukuna.

Mama Uloma ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Allah ya saka mata da alherin da ta yi mini.

A safiyar ranar na gama. Zoben ƙarshe ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya faɗa ciki, na girgiza ya fito. Na wanke, na goge, na bar shi ya sha iska. Sannan na ɗora a cinya na daka da tafin hannu yadda na ga tana yi a kan bargo. Yaya, ya amsa. Muryar nan ce da nake ji ta katanga, ba abin da ya ragu, har cikin cikina na ji ta. Na yi ta bugawa ina dariya ina hawaye kamar taɓaɓɓiya. Ban je aiki ba, na naɗe shi na tari adaidaita, ina ta yi wa mai tuƙi faɗa ya bi a hankali a kan ramuka. Tun daga bakin layin na ga mata a tsaitsaye a waje, sai na gane na makara.

Ebere ta karɓe shi. Ta warware zanen, ta shafa farin tabon da ƙusa ta bari a bakin ramin, ta dube ni. A nan gaban matan na faɗi komai, tun daga siminti har ƙaryar makulli har laɓewar da na yi a jikin katanga. Abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya mai ƙaunata, sai ga shi na faɗa wa cike da ɗaki. Na jira a zage ni ko a mare ni, wallahi da na ji sauƙi.

Ebere ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana da yarensu, shugabar ta mayar mini da Hausa. Ta ce lokacin da kakarta ta miƙa wa Mama, ciwo ya riga ya shanye mata hannu, ko sau ɗaya ba ta iya bugawa ba, ɗora shi kawai aka taimaka mata ta yi. Ta ce ba kiɗan ne sharaɗi ba, hannun uwa ne. Da na kawo shi da simintinsa, da Mama ta ɗora mata a cinya an gama, gyara kuma a yi shi ko bayan shekara. Ta ce har safiyar ranar uwarta na cikin hayyacinta, duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗago kai. Kuma ko da wasu suka ce na sayar, ita ta ce a bar Atika, tana da dalili, za ta kawo.

Jiya aka tafi da gawar garinsu. Na tambayi shugabar ko Ebere za ta iya bugawa a wurin jana'iza. Ta girgiza kai. Ta ce a al'adar gidan su Mama wanda ba a miƙa ba ba a sake buga shi, za a kai shi ɗakin kakar a ajiye. Ebere tana da 'ya mace, na gan ta a hoto, ita ma shi ke nan. Ni na riƙe shi har bakin mota, don Ebere ta ce ba ta da ikon ɗauka a cinyarta. A bayan mota aka sa shi, tsakanin jakunkuna.

Kin faɗa mini, ba sai kin maimaita ba. Na koma aiki yau, an riga an ba wata keken Mama. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan: mata uku suka riƙe shi, kowacce gwana, ya wuce yaƙi, ya zo har Kano. Amma bugunsa na ƙarshe a duniya nawa ne, ni da ban iya ba, ni kaɗai a ɗaki, a daidai lokacin da Mama take can tana kallon ƙofa.

Ki gaida Inna. Ki riƙe mini Sadiya da kyau.

Ni ce ƙanwarki,
Atika